Cutar Saluɓewar Fata: Yadda Ake Gane Ta da Lambar da Ake Ba Ta

Akwai wata cuta da ke sa saman fatar mutum ya saluɓe kamar an kwara masa tafasasshen ruwa, alhali ko kusa da wuta bai je ba. Likitocin yara biyu a Amurka, Stevens da Johnson, su ne suka bayyana ta a 1922, sa'annan Alan Lyell ya bayyana mai tsananinta a 1956. Galibi magani ne ke haddasa ta, musamman dangin salfa kamar Septrin da Fansidar, da wasu magungunan farfaɗiya, da nevirapine na masu cutar ƙanjamau. Garkuwar jiki ce ke ruɗewa ta afka wa ƙwayoyin fata, yawanci cikin kwana 4 zuwa 28 da fara shan maganin.

Takan fara da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da jan ido. A nan haɗarin yake, domin sai a zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙyanda, a koma kemis a ƙaro maganin da ya jawo masifar. Daga baya leɓe da baki su yi miki, bororo ya feso, in likita ya murza fatar da yatsa sai ta zame.

To, yaya ake auna tsananinta? Tafin hannun majiyyaci haɗe da yatsunsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinsa. Idan wurin da ya saluɓe bai kai kashi 10 ba, sai a ce Stevens-Johnson ce. Idan ya haura kashi 30, ta zama ta Lyell, wadda ake taƙaita sunanta da TEN, kuma takan kashe kusan mutum 3 cikin 10. Akan yanki ɗan fata a duba da madubin likita, don a bambanta ta da wata cutar jarirai mai kama da ita wadda ƙwayar bakteriya ke kawowa.

Bayan haka sai maganar lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin cututtuka mai suna ICD, inda kowace cuta ke da lambarta. A bugu na 10, Stevens-Johnson tana kan L51.1, ta Lyell kuwa L51.2, ta jariran nan kuma L00. Wannan bugu ya cusa biyun farko ƙarƙashin wata cutar ƙuraje da yanzu aka san daban take. Bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya gyara wannan, ya ware musu EB13.

A ganina, inda aka fi yin sakaci shi ne lamba ta biyu, wadda ke nuna maganin da ya yi ɓarnar, alal misali Y41.0 ga dangin salfa. In ma'aikacin ɗakin ajiyar fayil ya tsallake ta, hukuma ba za ta san maganin da za ta sa wa ido ba, shi kuma wanda ya warke ana iya sake ba shi maganin nan, alhali an hana shi shan sa har iyakar rayuwarsa.