Darasi na Tara: Kwaikwayon Yaɗuwar Cututtukan Tsirrai a Kwamfuta

Gabatarwa

Daga cikin ayyukan malamin Hausa akwai bayyana al'amuran kimiyya da harshen da ɗalibi ya tashi da shi. A wannan darasi za a duba yadda masana ke amfani da kwamfuta wajen hasashen inda cutar amfanin gona za ta nufa, tare da kafa misali da tsatsar alkama.

Ma'anar Kwaikwayo

Abin da ake nufi da kwaikwayo a nan shi ne tsara lissafin da zai siffanta tafiyar cuta daga gona zuwa gona, sannan a bar kwamfuta ta sarrafa shi. An zaɓi kalmar ne domin abin da ake gani ba cutar ba ce, kamanninta ne.

Yadda Ake Tsara Shi

Da farko ana karkasa taswirar ƙasa gida-gida, a shigar da yawan alkamar da ke kowane gida. Shukar kuma ana kasa ta huɗu: lafiyayya, da wadda ta kamu amma ba ta nuna alama ba, da mai yaɗa cuta, da wadda aka girbe ko ta mutu. Daga nan sai bayanan yanayi, wato inda iska ke kaɗawa, da zafi, da raɓa. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin tsatsa kamar ƙura suke, iska ce ke ɗaukarsu, kuma ba sa kama shuka sai ta jiƙe na wasu sa'o'i. Da yake ba kullum ƙwayar ke sauka a gona ba, akan maimaita lissafin sau da yawa, a fitar da wuraren da suka fi shiga haɗari.

Misali daga Habasha

A 1998 aka gano wani nau'in tsatsar karan alkama a Yuganda, aka raɗa masa suna Ug99. Ya bayyana a Kenya a 2001, da Habasha a 2003, ya haye Bahar Maliya zuwa Yaman a 2006, ya isa Iran a 2007. A 2013 kuma wani nau'in dabam ya lalata irin alkamar da ake kira Digalu a Habasha. Bayan haka ne masanan ƙasar suka haɗa kai da Jami'ar Kambirij da hukumar yanayi ta Birtaniya, aka samar da tsarin da ke hasashen kwana 7 gaba, ana aika gargaɗi ga malaman gona ta wayar salula. Amfaninsa ga manomi shi ne sanin lokacin feshi, domin maganin da aka fesa bayan cuta ta ci gona asarar kuɗi ne.

Kammalawa

Ingancin hasashe ya dogara ne ga ingancin bayanan da aka shigar. Saboda haka kwamfuta ba ta wadatar da mutumin da ke zagaya gonaki yana duba shuka.

Auna Fahimta

1. Kawo matakan tsara kwaikwayo.
2. Me ya sa ake maimaita lissafin?
3. Yaya za ka bayyana kalmar kwaikwayo ga ɗaliban ƙaramar sakandare?