Darasi: Yadda Za Mu Yi Wa Tsohuwar Jita Kuɗi

'Yan'uwa, in mun je sayen san noma, ba santsin gashinsa muke dubawa ba. Mukan buɗe bakinsa mu ga haƙora, mu sa ya taka. Haka za mu yi da tsohuwar jitar lantarki mai babbar murya, wadda ake kira bas.

Kamfanin Fender na Amurka ya fito da Precision Bass a 1951, da Jazz Bass a 1960. A 1965 aka sayar da kamfanin. Waɗanda aka ƙera kafin nan sun fi tsada ƙwarai, don haka jabu ya yi yawa.

Ga abin da za mu duba:

1. Wuya. Mu hango shi daga sama har ƙasa. In ya murɗe, mu haƙura.
2. Murya. Mu jona ta da lasifika, mu kaɗa kowace tsirkiya.
3. Fenti. Inda hannu ya goge shi ba aibi ba ne. Sabon fenti shi ke karya darajarta.
4. Kayan asali. In an canza maganaɗisun da ke ɗaukar sauti, kuɗinta ya ragu.

Sa'an nan mu bincika nawa aka sayar da irinta, ba nawa mai ita ke nema ba. Mu cire kuɗin gyara, mu taya. Kada mu yi cinikin biri a sama. Mu tafi da makaɗi.

Don tattaunawa: wane tsohon kaya muka taɓa saya don ƙyallinsa, muka yi da-na-sani?