Manhajar Kyauta: Jan Hankali Ga Mai Ƙaramar Sana'a

Jama'a, duk wanda ya bi ta wajen Post Office, ko ya leƙa shagunan buga takardu da ke kewaye da Jami'ar Maiduguri da Ramat Polytechnic, ya san kwamfuta ta zama abin neman abinci a garin nan. Wannan na buga wa ɗalibi aikinsa na kammala karatu, wancan na tsara katin biki, mai kemis na lissafin maganin da ya rage, malamar makarantar kuɗi na haɗa sakamakon jarrabawa. Yawancin injunan na hannu ne, kuma mai gyara ne ya ɗora musu Windows da Office da CorelDraw a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Mai shago bai tambaya ba, mai gyara bai faɗa ba, amma kowa ya san ba sayen manhajojin nan aka yi ba, fasa su aka yi.

Ba don mugun hali mutane ke yin haka ba. Kamfanonin da suka ƙera su da dala suke sayarwa, wasu ma sun koma ba da haya, kamar yadda Adobe ya yi tun 2013, sai ka riƙa biya duk wata ko duk shekara. Dalar da ake samu a kan wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ina mai shagon da ke fama da kuɗin man janareta zai samo wannan?

To, amma fasasshiyar manhaja tana da nata kuɗin, sai dai a baya ake biya. Wanda ya fasa ta ba ka san shi ba, ba ka kuma san abin da ya cusa a ciki ba. Sau da yawa sai an kashe garkuwar kwamfuta kafin ta hau, a kuma hana ta karɓar gyare-gyaren tsaro don kada asiri ya tonu. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, ta ce sai an biya fansa, kuma waɗanda ta kama su ne waɗanda ba su karɓi gyaran da aka fitar watanni biyu kafin nan ba. Ban da wannan, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta haɗa har da manhajar kwamfuta. Mai tsoron Allah kuma ba ya buƙatar lauya ya gaya masa matsayin cin moriyar kayan da mai shi bai yarda ba.

Akwai wata hanya, halastacciya, wadda da yawa ba su ji labarinta ba. A 1983 wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Richard Stallman, ya fara wani shiri mai suna GNU, ya kuma kafa gidauniya dominsa a 1985. Manufarsa ita ce a samu manhajar da kowa ke da izinin ya yi aiki da ita yadda ya so, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta Linux, aka haɗa da kayan GNU, aka sami cikakken tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Mai turaren wuta za ta sayar maka da kwalba, amma ba za ta gaya maka haɗinta ba. Waɗannan mutane kwalbar da haɗin duka suke miƙa maka, su ce in ka iya ka inganta.

Mai karatu zai ce banza ba ta kai zomo kasuwa, me suke samu? Tambaya ce mai kyau. Wasu don sha'awa suke yi, wasu jami'o'i da gidauniyoyi ke ɗaukar nauyinsu, wasu kuma kamfanoni ne da ke ba da manhajar kyauta su ci riba wajen koyarwa da kula da ita. Haka Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya yi da Ubuntu, wani nau'in Linux, tun 2004. Kada kuma a ɗauka kayan talaka ne marasa inganci. Wayar Android da ke aljihunka a kan Linux aka gina ta. DHIS2, wadda hukumomin lafiya na Nijeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, irin wannan manhaja ce, daga Jami'ar Oslo ta fito. Ƙungiyoyin agaji da yawa da KoboToolbox suke ɗaukar bayanai, ita ma haka. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta bayyana a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice, kuma ba rashin kuɗi ne ya sa ta ba. So take takardun gwamnati su kasance a hannun gwamnati. Sai dai a lura, ba duk abin da aka ce kyauta ne ke cikin wannan sahu ba. Akwai manhajojin waya da ba ka biyan ko kwabo, amma a rufe suke, kuma da tallace-tallace da bayananka suke fanshewa.

Wanda zai fara, ya fara da LibreOffice. A cikinta akwai Writer na buga wasiƙa da takarda, da Calc na lissafin shiga da fita da jerin masu bashi, da Impress na gabatar da jawabi. Tana buɗe takardun Word da Excel, tana fitar da PDF, kuma tana hawa kan Windows ɗin da ke kwamfutarka, ba sai ka rushe komai ba. Mai zanen kati da fosta yana da Inkscape, mai gyaran hoto yana da GIMP, mai jera littafi ko mujalla yana da Scribus, mai naɗar wa'azi ko tallar rediyo yana da Audacity. VLC kuwa ba ta buƙatar gabatarwa, tuni kowa ke kallon fim da ita bai san danginta ba. Mai rubutu da Hausa ko Kanuri, wanda ya gaji da neman ƙ da ɗ da ɓ da ǝ, ya nemi Keyman da haruffan Charis ko Andika, duk kyauta ne.

Abin da ya fi dacewa da halinmu shi ne ba su dogara da intanet ba. Mutum ɗaya ya sauke, ya zuba a filash, unguwa guda ta kwafa, kuma babu laifi a kansa, don masu ita ne suka ce a raba. Wanda ya zauna a garin nan daga Janairun 2021, lokacin da aka karya turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, ya san darajar kayan aikin da ba ya cewa sai ka hau layi kafin ya buɗe.

Sai maganar tsofaffin injuna. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, kuma kwamfutocin hannu da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kada a yi saurin kai su wurin 'yan gwangwan. Linux Mint ko Lubuntu na iya tafiyar da injin da ya shekara goma, ana ma iya gwada su daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

Ba za mu ɓoye wahalar manhajar kyauta ba. Hannun da ya saba da CorelDraw zai yi makonni yana lalube a Inkscape, kuma masu manyan injunan ɗab'i sun fi son fayil ɗin da suka saba, don haka a kai musu PDF. Takardar Word mai ado da yawa takan ɗan goce idan an buɗe ta a Writer, sai an duba kafin a buga wa mai kaya. Wasu firintoci ba sa jituwa da Linux, a gwada tukuna. Masu gyaran da suka iya ta ma ba su da yawa, wanda ni a ganina wannan ƙofar sana'a ce ga samarinmu na Kasuwar Jagwal, in sun lura.

Manhaja kowace iri ce ba ta kare takarda daga wuta ko ruwa. Gobarar Monday Market ta Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 sun cinye dukiya, sun kuma tafi da rasitai da littattafan bashi. Saboda haka duk ranar Juma'a, kafin ka rufe shago, ka kwafe lissafinka a filash biyu, ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a wata unguwa. In za ka sauke manhaja, ka ɗauko ta daga shafin masu ita na ainihi, don akwai 'yan damfara da ke liƙa sunan VLC ko LibreOffice a kan gurɓataccen kaya. Ka buga takardun gida da Writer na wata guda kafin ka shigo da ita aikin kwastoma, in hannu ya faɗa sai ka mayar da littafin bashi cikin Calc.