Taki da Noman Alkama

Alkama amfanin rani ce mai son sanyi. A ƙasar Zazzau, har da ƙauyukan Dutsen Abba, ana shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, a fadamu da bakin rafi inda ake ban ruwa, a girbe ta wajen Maris. Kwana ɗari ko fiye kaɗan take yi a gona. A wannan ɗan lokaci ba ta da damar jiran abinci. Ga shi kuma yawancin gonakin yankin sun gaji, domin masara da dawa sun ci ƙarfinsu da damina.

Sinadarai uku ne manyan abincin alkama: naitirojin, da fosfaras, da fotash. Fosfaras yana kafa saiwa tun tsiro yana ƙarami. Fotash yana ƙarfafa kara, yana taimaka wa shuka ta jure cuta. Naitirojin kuwa shi ne jagora. Shi ke sa ganye ya yi kore shar, gindi ɗaya ya yi 'ya'ya da yawa, kowane ya fitar da zangarniya. Shi ne kuma ke ƙara wa gari danƙo, wanda mai taliya da mai gurasa da mai alkaki suke nema.

Takin da manoma ke kira kamfa ya haɗa duka ukun. Lambobin da ke jikin buhunsa, kamar 15-15-15, suna nuna kason kowane sinadari cikin ɗari, kuma na farko shi ne naitirojin. Ke nan buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 7 da rabi. Yuriya, farin takin nan, naitirojin ne kaɗai a cikinta, kashi 46 cikin ɗari, wato kilo 23 a buhu. Buhun yuriya ɗaya ya kai kamfa uku ta wajen naitirojin, amma ba ya da ko ƙwayar fosfaras. Manomin da ya zuba yuriya zalla don ta fi saurin nuna kore zai ga ganye, sai dai saiwar ba za ta yi ƙarfi ba. Wannan ya sa karatun lambobin buhu yake da amfani sosai ga manomi, domin akwai kamfa 20-10-10, kuma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne da na 15-15-15.

Shawarar da malaman gona suka fi bayarwa ita ce naitirojin kilo 100 zuwa 120 a hekta ɗaya, da fosfaras da fotash kamar kilo 40 kowanne. Buhu 6 na kamfa 15-15-15 da buhu 3 na yuriya sun cika wannan awo. Mai eka ɗaya zai nemi ƙasa da rabin haka.

Ba a zuba takin duka rana ɗaya. Kamfa yana shiga ƙasa lokacin shuka. Yuriya tana jira sai alkama ta yi mako uku zuwa huɗu, lokacin da take fitar da 'ya'ya. A ƙasa mai yashi gara a raba ta biyu, a ajiye rabi sai kara ya fara miƙewa. Ana cire ciyawa tukuna. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa aka bar ta cikin rana tana bin iska, wadda kuma aka malala wa ruwa fiye da kima tana nutsewa ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Ban ruwa madaidaici bayan zubawa shi ne ke tsare kuɗin manomi.

Idan naitirojin ya gaza, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara yin ruwan ɗorawa, shuka ta tsumbure, zangarniya ta fito gajera. Idan ya yi yawa, kara yakan yi tsawo ba ƙwari, iska ko ban ruwa su kwantar da shi, alkamar kuma ta makara wajen nuna har zafin Maris ya same ta, ƙwaya ta motse. Bayan an kai awon da ya dace, ƙarin buhu ba ya biyan kuɗinsa. Matsalar kwanciya ce ta sa masani Norman Borlaug da abokan aikinsa suka samar da alkama mai gajeren kara a Meziko, wadda ke ɗaukar taki ba ta faɗi ba. An ba shi kyautar Nobel a 1970.

Takin gargajiya, kashin shanu ko na kaji ko shara da ta ruɓe, ba ya da ƙarfin yuriya kuma a hankali yake sakin abinci, amma yana gyara jikin ƙasa ta riƙe laima. Ana zuba wanda ya ruɓe sosai kafin huɗa, domin ɗanye yana ƙona tsiro, yana kawo irin ciyawa. Gonar da aka yi wake ko gyaɗa ko waken suya da damina takan rage buƙatar yuriya.

Manoman Zariya sun yi sa'ar maƙwabta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, inda ake gwajin ƙasa. Gwajin ne ke nuna ainihin abin da gona ta rasa kafin a sayi taki. Binciken irin alkama na ƙasa kuwa yana hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri.