Sabis ɗin gidanmu ba ya wuce falo

Anti, gidanmu sashe uku ne, rautar intanet tana falon Baba. A sashenmu sai maiɗakina ta tsaya bakin taga kafin saƙo ya tafi. Ramukan kebul huɗun da ke bayan rautar kuma duk sun cika. An ce in sayi ɗan abin nan da ake sokawa a soket yana ƙara sabis. In saya?

Magidanci, Zariya

Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Abin nan sabis ɗin da bangon bulo ya riga ya cinye yake kamawa ya maimaita, kuma masu arahar ba sa karɓa da aikawa a lokaci guda, don haka saurin kan ragu kusan rabi. Za ka ga sanduna cike a waya, bidiyo yana ta juyawa.

Kebul za ka ja. Cat6 yana kai mita 100 ba tare da ya gaji ba. Sai dai ka kankare bakin wayar a gaban mai shago: in ka ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, bar masa kayansa. Wanda zai ratsa tsakar gida a zura shi a bututu, saboda rana da damina da ɓeraye.

Ƙarancin ramuka abu ne mai sauƙi. Sayi suwic na gigabit mai rami takwas, zare kebul ɗaya daga rautar ka mai da shi kan suwic ɗin, sai ka haɗa rami ɗaya na suwic ɗin da gurbin da ka buɗe, sauran shida naka ne, babu wani saiti.

A sashenku kuwa, ko tsohuwar rauta ta wadatar. Shiga saitinta ka kashe DHCP, domin in biyu suna rabon adireshi a gida ɗaya rikici ne. Soka kebul ɗin a ramin LAN, ba na WAN ba. Ba ta suna da kalmar sirri irin na falo, waya za ta riƙa komawa da kanta. A zangon 2.4 GHz, in ta falo tana tasha ta 1, sa wannan a 6 ko 11. Ɗora ta sama, ba bayan firji ba.

Ka haɗa suwic ɗin da rautocin biyu da inbata, in ba haka ba ana ɗauke wuta sashenku ya yi tsit. Kuma ka shirya wa kuɗin data, don ranar da sabis ya isa ɗakin yara za ka ji a aljihunka.