Bayananka suna nan, wurin nema ne ya kuskure

Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji a Agadas, musamman masu rajistar matafiyan da ke dawowa daga Aljeriya ta Assamaka, na iya zuba bayanansu a BigQuery, rumbun bayanan kamfanin Google. Ga wani kuka da masu amfani da shi kan kawo: ka tura tambaya, na'ura ta ce ba ta ga kundinka a US (Amurka) ba, alhali ga shi kana kallonsa.

Kwantar da hankalinka, babu abin da ya ɓace. Kowane kundi yana da mazauninsa, ana zaɓa masa ranar da aka ƙirƙire shi. In ba ka zaɓa ba, Amurka za a kai shi. Ita ma tambaya a wuri ɗaya take gudana, kuma dole wurin ya dace da na kundin. Yawanci BigQuery kan gane wurin da kansa daga sunan teburin da ka ambata. In ya kasa, sai ya nufi Amurka, kamar mai neman raƙumin da aka ɗaure a Ingal cikin kasuwar Arlit.

Fara duba bayanin kundin ka ga mazauninsa. In birnin Paris ne, sa wannan a layin farko na tambayarka: SET @@location = 'europe-west9'; Mai aiki da umarnin bq na BigQuery kuwa ya ƙara --location=europe-west9. Lura, mazaunin EU daban, europe-west9 daban, duk da dukansu a Turai suke. Nan ne da yawa ke tuntuɓe.

Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen farko, don ba a canza wa kundi mazauni bayan an kafa shi. Sai dai ka buɗe sabo ka kwafe komai, ka biya kuɗin jigila. Google ya buɗe cibiyarsa ta Johannasbag, africa-south1, a 2024, amma kasancewarta a Afirka ba ya nufin ta fi sauri daga Agadas, gwada tukuna.

Sannan ga doka. Sunan matafiyi da tarihin lafiyarsa bayanan sirri ne, kuma tun 2017 Nijar ke da dokar kare su, wadda hukumar HAPDP ke sa wa ido. Paris ko Johannasbag, duk waje ne. Tuntuɓi hukumar kan izinin fitar da bayanan kafin ka buɗe kundin, kuma duk kundayen da za ka riƙa haɗawa a tambaya guda, ajiye su a mazauni guda.