DARASI KAN SAUTI: LASIFIKA, ƊAKI DA KUNNE

A ranar rabon kyauta da ta wuce, yawancinmu muna cikin babban ɗakin taro sa'ad da babban baƙo ya yi jawabi. Waɗanda suka zauna a baya sun sha ƙara, amma da muka tambayi 'yan aji uku abin da ya faɗa, ba wanda ya iya kawo jimla ɗaya cikakkiya. Wasu suka ɗora laifin a kan lasifika. Mu kuwa muna ganin laifin ɗakin ya fi yawa, kuma irin wannan yana faruwa a gidajenmu kullum.

Sauti dai girgizar iska ce. Cikin akwatin lasifika akwai maganaɗisu, da naɗaɗɗiyar waya, da wata takarda mai kauri mai siffar mazurari. Idan wutar lantarki ta bi wayar sai ta riƙa tura takardar gaba da baya, takardar kuma ta tura iska zuwa kunnenmu. Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka ne suka bayyana irin wannan lasifika a 1925, kuma har yau yawancin na gidajenmu haka suke aiki. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Babbar lasifika ita ke fitar da sauti mai kauri irin na ganga, ƙaramar kuma siririn sauti irin na sarewa.

Yanzu ga aikin ɗaki. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 a daƙiƙa. Ke nan a falo mai tsawon mita 5 zai ratsa daga bango zuwa bango fiye da sau 60 kafin daƙiƙa ta cika. Siminti da gilashi da tayil da kwano suna mayar da shi kusan duka. Labule, tabarma, katifa, kujerun kushin, har da jikin mutane, suna shanye shi. Idan ɗaki ya cika mayarwa, kalmar farko ba ta gama mutuwa ba ta biyu ta hau kanta, magana ta cuɗe. Shi ya sa hira ta fi daɗin ji a ɗakin kaka na ƙasa da ke cike da shimfiɗu da tarkace, fiye da sabon falo mai tayil da ba kome a cikinsa.

Wani malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, Wallace Sabine, shi ya fara auna wannan abu da kyau. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca inda sautin kalma yakan daɗe fiye da daƙiƙa 5 yana yawo. Da dare, bayan gari ya yi tsit, shi da mataimakansa sukan kwaso matasan zama daga wani ɗakin wasanni, su jera, ya busa bututun molon iska, ya duba agogo ya ga yaushe sautin zai ɓace. Ya gano cewa daɗewar sauti tana ƙaruwa da girman ɗaki, tana raguwa da yawan abin da ke shanyewa. Da wannan lissafi aka tsara babban zauren kiɗa na Boston wanda aka buɗe a 1900. Ɗakin da ake koyarwa a ciki yana bukatar sauti ya mutu ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

To, a gida sai a kiyaye abubuwa kaɗan. A raba lasifika biyu, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa wurin zama, kuma su yi tsayin kunnen mai zama. Kada a cusa su a kusurwa, gama can sauti mai kauri yake kumbura ya danne murya. A duba waya, ja ga ja, baƙi ga baƙi. In an juya ɗaya, lasifika ɗaya tana turawa ɗayar tana ja, kaurin sautin ya ragu.

Zancen ƙarfi kuwa, nan ne ake cutar masu saye. Ana auna ƙara da desibel. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kaɗai ake ƙarawa, kuma sai an ninka wat wajen sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku. Don haka mai wat 100 bai fi mai wat 50 da wani abin a zo a gani ba. Manyan lambobin nan da ake bugawa a kwali tare da haruffan PMPO, yawancinsu talla ce kawai.

Abin da ya fi damunmu shi ne kunne. Hira ta yau da kullum wajen desibel 60 ce. Masu kula da lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyakar desibel 85 na awa 8 a rana, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 100 kuwa minti 15 kacal. Wayar hannu da abin saƙalawa a kunne, idan an ƙure, suna iya kai wannan. Can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000, kuma wadda ta mutu ba ta sāke tsirowa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron kiɗa. Idan wanda yake tsaye kusa da ku sai ya ɗaga murya kafin ku ji shi, ko kunne ya riƙa yi muku kuka bayan biki, ƙarar ta wuce kima.

Wannan ya shafi majami'unmu ma, kuma muna faɗa da ladabi ga masu kula da na'ura. Manzo Bulus, a sura ta 14 ta wasiƙarsa ta fari ga Korintiyawa, ya kawo misalin ƙaho da ba a gane busarsa don ya nuna cewa maganar da ba a fahimta ba ta gina kowa. Idan jama'a ba sa jin wa'azi, ƙara murɗa na'ura yakan ƙara cuɗewar ne. Gara a juya lasifika ta fuskanci jama'a maimakon bango, a rataye labule mai kauri a bangon baya, a kuma sa makirufo a bayan lasifika don kada ta yi kururuwa.

Aikin hutu: kowa ya tsaya a tsakiyar ɗakin da ba kaya, ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ya saurara. Sa'an nan a shimfiɗa tabarma, a sauke labule, a jingina katifa a bango, a sāke tafawa. Ku rubuta bambancin da kuka ji ku kawo a makon farko na zango mai zuwa.